Mamuda Kwatano da Injin Gogen Mota

Duk faɗin unguwar Kurna babu wanda ya san mota kamar Mamuda Kwatano. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji, kuma kullum sai ya sake faɗa ko da akwai wanda ya manta.

In ya zauna a majalisar ƙofar shagon Mati Tela, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara kaɗa makulli a yatsa, to labarin Kwatano ya tashi ke nan. Shekara bakwai, in ji shi, ya yi a tashar jiragen ruwa ta garin Kwatano yana karɓar motoci da hannunsa. Wata rana shekarun su zama tara. In an yi baƙo a majalisar su kai goma sha biyu. Mota in ta wuce a titi ba ya ko ɗaga kai, da kunne zai gaya maka shekarar da aka ƙera ta da ciwon da ke damunta. Mai motar ya riga ya yi gaba, wa zai ƙaryata?

Kada a zalunce shi, Mamuda ya je Kwatano. Sau ɗaya ya je, rakiyar wani ƙanin matarsa, kwana huɗu. Uku daga ciki a kwance ya yi su, saboda wani kifi da ya ci a bakin hanya. Tekun ma ta tagar mota ya hango shi.

Ana nan sai ga Mamuda ya shigo unguwa da wata baƙar mota, yana danna ham tun daga bakin titi. Ya fito ya shafa bayanta ya ce daga cikin jirgi ya karɓo ta, shi ya tuƙo ta da kansa, fentin kamfani ne, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba a ƙasar Turawa. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne, tsohuwar tasi ce ta Kaduna, ruwan ɗorawa, wadda ta tsufa tana jigilar mutane. A arha ya same ta, ya kai ta wani lungu a Zariya, wani mai fenti ya fesa mata baƙi shafi ɗaya, siriri kamar ɓawon albasa, ko kankare na ƙasan bai yi ba. Lissafin Mamuda shi ne ya sayar da ita da sunan 'yar Kwatano tun kafin damina ta zo ta yi masa tonon silili. Duk ɗan abin da ya mallaka a cikin motar nan ya zuba shi, har da kuɗin babur ɗinsa da ya sayar. In ta ƙi fita, shi da ƙafa ne har illa masha Allahu.

Wata biyu mota na zaune. Masu tambaya da yawa, mai saye babu. Ranar Kano kuwa ba ta san wani abu wai shi fentin kamfani ba, ta dinga dukan motar har baƙin ya dushe ya koma kamar bayan tukunya.

Daga ƙarshe aka samu mai saye na gaske, Malam Tukur, tsohon hedimastan firamare da ya yi ritaya. Yana neman motar da zai riƙa kai maiɗakinsa asibiti duk wata, don ƙafarta ta daina jure hawa a daidaita sahu. Malam Tukur ya yi shekara talatin da biyar yana sauraron dalilan da yara ke kawowa na makara, saboda haka in ana yi masa ƙarya ba ya musu. Gyara tabarau kawai yake yi ya ce, "Ikon Allah."

Ya zagaya motar sau biyu, ya saurari inji, ya zauna a kujerar baya ya ji ta tafi da shi ƙasa.

"Turawan da suka hau motar nan masu jiki ne," in ji shi.

"Ai Malam, can cima ce ta yi musu yawa," Mamuda ya amsa ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ikon Allah. To, inji dai ya yi mini. Fentin ne ya yi barci. Mu kai wa Ilu mai fenti ya goge ta. In ta fito da sheƙi, ranar Asabar sai in ɗauka."

Ilu mai fenti irin mutanen nan ne da za su ƙwanƙwasa jikin mota da bayan yatsa su gaya maka shafi nawa ke kanta da garin da aka fesa. Sannan Ilu ba ya iya riƙe magana. Abin da ya gani da hantsi, kafin azahar ya isa Rijiyar Lemo. Kai masa motar nan daidai yake da a hau mumbari ranar Juma'a a yi sanarwa.

Mamuda ya yi wata dariya da ba ta wuce maƙogwaro ba. "Ilu? Haba Malam. In ɗauki motar Turai in kai wa mai fentin ƙofar gareji? Ni da na yi shekara tara ina goge motoci a bakin teku? Ai inji kawai zan sayo, a gabanka zan goge ta, ka ga fuskarka a jiki har ka gyara hula."

"Ashe har gogen ma ka iya."

"Iyawa? Ni nake koya wa mutane."

"Madalla. To gobe sai mu je kasuwar tare, Injiniya. Na daɗe ina son in ga yadda masana suke zaɓen kaya."

Mamuda bai so haka ba. Niyyarsa ya lallaɓa shi kaɗai, ya sami mai shago a ɓoye, ya ce masa don Allah wanne ne ba ya ɓarna. A rayuwarsa bai taɓa riƙe injin goge mota ba. Sau ɗaya ya taɓa ganin ana aiki da shi, shi ma daga tsallaken titi, yana cin rake. Amma ya za ka ce wa mai saye kada ya biyo ka?

Washegari da safe suka isa Ƙofar Ruwa, suka shiga layin masu kayan aiki. Malam Tukur ne ya tsaya a shagon wani Sidi, mutum mai sanyin magana, wanda ya yi aikin goge motoci kafin ya buɗe shago. Sidi ya ji abin da suke nema, ya ɗauko inji uku ya jera a kan benci. Sannan ya yi tambayar da duk mai hankali zai yi.

"Yallaɓai, ka taɓa riƙewa, ko yanzu za ka fara?"

Mamuda ya dube shi sama da ƙasa. Ya juya ya dubi Malam Tukur, irin kallon ka ji abin da ake yi mini.

"Ka san Kwatano?"

"Ina jin labarinta."

"To a labarin ka tsaya. Nuna mana kaya."

Sidi bai ja ba. Ya ture ƙaramin cikinsu gefe ya ce wannan na fitilun mota ne. Ya ɗaga na tsakiya. "Wannan shi muke ba ɗan koyo, mai rawa muke ce masa. Yana juyawa yana karkaɗawa, ba ya zama wuri ɗaya balle fenti ya ɗau zafi. In ka danna shi da ƙarfi ma tsayawa yake yi da kansa. Ko da gangan kake son ƙona mota, sai ka sha wuya da shi. Ya fi cin lokaci, amma za ka kwana lafiya."

Wallahi zuciyar Mamuda tun daga nan ta koma wajen mai rawa. Abin da ya zo nema ke nan, kamar don shi aka ƙera. Sai dai kalmar nan ta ɗan koyo ta riga ta fito, kuma a kunnen Malam Tukur ta sauka.

Ya ɗauki injin ya jinjina shi a hannu. A wurin Mamuda, kamar yawancinmu, ingancin kaya a nauyinsa yake. Kwaɗon ƙofa ne, batir ne, dutsen guga ne, sai an ɗaga an jinjina, in ya ja hannu ƙasa shi ne na asali. Mai rawa kuwa bai ja komai ba. Sidi ya jona shi a wuta ya kunna, ya fara wani ɗan guɗa a hankali, zzzz. Mamuda ya sa tafin hannu ya danne sosonsa. Inji ya tsaya cak.

"Ka gani ko, Malam? Injin da tafin hannuna ya tsayar. Wannan ai na tausa ne. Ku kai wa masu ciwon baya."

"Yallaɓai, tsayawar ita ce amfaninsa."

"Rago ma in ka tambaye shi, cewa zai yi hutun ne amfaninsa. Ina na maza?"

Sidi ya turo na ukun da hannu biyu. Wani ƙato ne mai dogon jiki da mariƙi a gefe, da ɗan maɓalli mai lamba ɗaya zuwa shida. Mamuda ya ɗaga, kafaɗarsa ta amsa. Da aka kunna, wuuuuu, har mai shagon kusa ya leƙo.

"Wannan juyi ɗaya yake yi, ba rawa," in ji Sidi. "Shi ne na masu sana'a. Ba ya tsayawa, ba ya tausayi. In ka bar shi wuri ɗaya gwargwadon ka ce bisimilla, ya cinye fenti. Amma bari in tambaya, motar fentin kamfani ce ko feshi?"

Mamuda ya sunkuya yana duba wayar injin.

"Dalilin tambayar," Sidi ya ci gaba, "in feshi ce, musamman irin shafi ɗayan nan na sauri, kada ma babban nan ya shinshine ta. Mai rawa da soso mai laushi, shi ma a lallaɓa. In kuwa fentin kamfani ne, kuma hannun gwani ne, to babban ya fi fito da sheƙi."

Malam Tukur ya gyara tabarau. "Ai an dace duka biyun. Fentin kamfani ne, hannun gwani ne. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Nan fa ake yin ta. In ya ɗauki mai rawa, ya amsa da bakinsa cewa ko dai shi ɗan koyo ne, ko motar feshi ce. Shi kuwa ya san duka biyun ne. Ya dubi ɗan injin nan mai sauƙin kai kamar wanda ake raba shi da ɗan'uwa a tasha. Sannan ya daki benci.

"Naɗe mini babban."

"To ga soso mai laushi, ga man gogi mai sanyi."

"Soso na masu wanke-wanke ne. Ba ni gashin tunkiyar can. Man kuma ba ni wanda in ka murza kake jin yashi-yashi."

Sidi ya dubi Malam Tukur. Malam Tukur ya dubi rufin shago.

"Akwai tsohuwar ƙofar mota a bayan shago," in ji Sidi. "Ko za ka ɗan gwada hannu, don ka san halin injin?"

"In gwada? A kan bola?"

Sidi ya ɗaga kafaɗa ya fara naɗe kaya, yana magana kamar da kwalin yake yi. A yi aiki a inuwa, jikin mota da sanyi. Man ɗan ɗigo huɗu ya isa. A ɗora injin a jiki kafin a kunna. Lamba ɗaya ko biyu. Kada a danna, kada a tsaya wuri ɗaya. Mamuda ya buɗe kunne ɗaya yana kwasa kamar mai haddar karatu, baki kuma yana cewa, "Ni kake karanta wa? Mu muka rubuta wannan." Da yake bakin ya fi kunnen aiki, kafin su kai bakin titi karatun ya zube, abin da ya rage masa kawai shi ne akwai lamba shida.

Ya ƙudura zai gwada a ɓoye a gida, a jikin ƙofar gidan ta ƙarfe. Alhamis wuta ba ta zo ba. Juma'a ta zo yana masallaci, kafin ya dawo ta koma. Janareto ɗaya ne a layin, na Mati Tela, shi kuma a bakin majalisa yake. Haka Mamuda ya wayi garin Asabar da inji a kwali, bai taɓa kunna shi da hannunsa ba.

Labari kuwa ya riga ya zaga, don Mamuda da kansa ya zaga da shi. Kafin ƙarfe sha ɗaya benci uku sun cika a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon Mati. Da yake 'yan kallo sun cinye inuwar, sai ya ajiye motar a fili tsakiyar rana, inda kowa zai gani da kyau. Kafin a gama jan waya jikin motar ya yi zafin da za a soya ƙwai a kai.

Malam Tukur ya iso cikin farar babbar riga, ba shi kaɗai ba. A bayansa ga Ilu mai fenti.

"Na ce ya zo ya koyi aiki," in ji Malam Tukur. "Ba kullum ake samun irin wannan dama ba."

Ilu ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa, ƙwas ƙwas, ya buɗe baki zai yi magana. Malam Tukur ya taka masa ƙafa. Ilu ya rufe bakin, ya koma ya naɗe hannu a ƙirji, kumatunsa sun cika fam kamar wanda ya guntsi ruwa.

Mati ya ja janareto. Mamuda ya naɗe hannun riga, ya ɗaura gashin tunkiya a bakin inji, ya buɗe gwangwanin mai. Ɗigo huɗu aka ce masa. Ya dubi taron nan ya ga ɗigo huɗu ai rowa ce, ya sa yatsu ya kwaso kusan rabin gwangwani ya lafta. Ya murza maɓalli har shida. Ya ɗaga injin sama don kowa ya shaida, ya kunna.

Fyaaat!

Man nan ya tashi ya yi rabo, babu wanda aka zalunta. Benci na farko ya samu a fuska, na biyu a hula. Shaddar mutane da Mati ya rataya a ƙofar shago ta samu nata. Malam Tukur ya samu a tabarau da gaban babbar riga. Mamuda da kansa ya samu a baki, ya tofar.

"Haka ake yi," ya faɗa da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar injin. "Sai an fara fitar da iskar ciki."

"Ikon Allah," in ji Malam Tukur, yana goge tabarau da gefen riga.

Mamuda ya ƙara lafta mai, ya tunkari ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja. Yana ɗora injin a jiki, inji ya ce bisimilla, ya kwasa da gudu. Ya ja Mamuda daga ƙofar gaba zuwa ta baya, ya dawo da shi, ya haura sama ya daki madubin gefe, ƙwal, madubi ya juya yana kallon ƙasa. Mamuda na biye da shi, ƙafa a tale, hula ta faɗi, haƙora na kaɗawa. Wanda bai sani ba zai ce ɗan maraƙi yake kokawa da shi.

"Injiniya, kai ke tuƙa shi ko shi ke tuƙa ka?" Mati ya tambaya.

"Salon Kwatano ne. Ku dai ku zuba ido."

Abin ya fara ba shi haushi. A ce inji ya kunyata shi a gaban Ilu? Ya tattara ƙarfinsa, ya kafa gwiwa a ƙasa, ya sa ƙirji ya danne injin a tsakiyar ƙofar gaba, wuri ɗaya, don ya nuna masa waye maigida. Inji ya daina gudu, ya koma wani gurnani, ƙirrrr. Mamuda ya waiwayo ya yi wa jama'a murmushi. Ya daɗe a haka, don murmushin ya isa har benci na uku.

Sai aka fara jin ƙauri, irin na roba a wuta. Wani siririn hayaƙi ya taso ta gefen gashin tunkiyar.

"Kamar wani abu na ƙonewa," in ji wani daga baya.

"Dattin Turai ne yake fita."

Ya ɗaga injin ya kashe. Gashin tunkiyar da ya shiga fari tas ya fito baƙi ƙirin. A jikin ƙofar kuwa ga wata da'ira kamar faifai, ruwan ɗorawa, tana ƙyalli a rana. Gaskiya wurin ya yi sheƙi, wannan kam ba a hana shi ba.

Zufa ta keto wa Mamuda tun daga tsakar ka. Ya ji kamar ya ajiye injin ya kama hanyar Dawanau da ƙafa. Amma bakin da ya saba ba ya jiran shawarar mai shi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kun ga wannan? Shi ake kira ƙasan zinare. Kamfani ke shimfiɗa shi a ƙarƙashin fenti saboda tsatsa. Ba kowace mota ake yi wa ba, sai ta manya. Da ma so nake in nuna wa Malam ya gani da idonsa."

Ilu ya yi wani sauti ta hanci, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Na gani, na kuma gode," in ji Malam Tukur. "To yanzu sai a mayar da baƙin."

"Yanzu kuwa."

A tunanin Mamuda fenti kamar shafen siminti ne, in wuri ya rame sai ka jawo na gefe ka rufe. Ya kunna inji, ya ɗora a kan baƙin da ke gefen da'irar, ya turo shi ciki. Baƙin ya bi gashin tunkiya ya tafi. Faifai ya zama tire. Ya koma ɗaya gefen ya sake turowa da sauri. Tire ya zama tabarmar sallah. Yana turowa yana haki, ɗorawa na ƙara faɗi, har ta tsallaka ƙofar baya. Can sai wasu jajayen layuka suka fara ɓullowa a tsakiya, irin rubutun masu fentin allo, mai kauri, wanda ba ya jin gogi.

Mati ya matso ya ranƙwafa. "Kamar rubutu nake gani. Ka... wo. Kawo."

"Sunan injiniyan da ya haɗa ta ne," in ji Mamuda. "Suna sa hannu a ciki."

Ya ɗora injin a kan rubutun don ya cinye shi kafin a ƙara karantawa. Inji ya bar rubutu ya cinye baƙin da ke gabansa. Sauran haruffan suka fito reras, da 'yar lamba a ƙasa cikin da'ira.

Malam Tukur ya sa tabarau, ya karanta a hankali yadda yake karanta sakamakon jarrabawa a gaban taron iyaye. "Kawo zuwa Kasuwa. Lamba ɗari biyu da goma sha huɗu." Ya ɗago kai. "Ikon Allah. Baturen nan ya ji Hausa."

Nan Ilu ya fashe. Abin da ya guntsa tun ɗazu ya zubo gaba ɗaya. "Shafi ɗaya ne, wallahi shafi ɗaya. Ko kankarewa ba a yi ba. Aikin Zariya ne, na san hannun. Ku duba rufin, ga ramukan kusoshi huɗu inda aka cire fitilar tasi an toshe da cingam." Jama'a suka tashi suna leƙen rufi. Wani ya sa farce ya ɓanɓaro ɗaya ya ɗaga sama. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, wani dattijo ya zame daga benci aka tare shi.

Mati ya kashe janareto. Injin ya yi wani ɗan kuka a hannun Mamuda ya mutu. Ya tsaya riƙe da shi, fuska duk ɗigon baƙin fenti, ba hula, gwiwar wando ta yage. Ya buɗe baki don ya kawo wani bayanin, a karo na farko tun da aka san shi bai sami komai a ciki ba.

Malam Tukur bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya karkaɗe babbar rigarsa, ya taka a hankali ya buɗe ƙofar baya, ya shiga ya zauna, kujera ta tafi da shi ƙasa. Ya leƙo ta taga.

"Saye dai na fasa, Mamuda. Amma rana ta yi zafi, ga rigata ta ɓaci. Direba, taimaka ka sauke ni a gida."

Kafin Mamuda ya motsa, Mati ya faɗa kusa da Malam. Wasu biyu suka bi shi, aka matsa aka cika huɗu a baya yadda doka ta tanada. Ilu ya shige gaba, ya matsa jikin giya don ya bar wurin mutum na biyu, ya fito da hannu ta taga yana dukan rufi, bam bam bam.

"Kasuwa, Kasuwa! Saura mutum ɗaya!"

Wata tsohuwa ce ke wucewa ta bakin layi, ɗauke da kwandon kaji a ka, ta gaji liƙis da jiran abin hawa. Ba ta san Mamuda ba, ba ta san Kwatano ba. Ta ga ƙofa ruwan ɗorawa, ta ga fasinja sun cika, ta ji ana kira. Ta ratso taron ta sauke kwandonta a gaban Mamuda, ta dube shi tun daga yagaggen wando har baƙar fuska.

"Kai ɗan nan, kai ne direban ko ɗan kamasho? Ka tsaya kana kallona. Buɗe mini but in sa kajina."

Mamuda ya ajiye injin a ƙasa, ya zagaya baya, ya buɗe mata.